Ƙarfi daban, haihuwa daban: magana da magidanta a kan allurar ƙarin ƙarfi



'Yan uwa magidanta na wanga zaure, saƙon yau yana da ɗan tsawo, kuma akwai maganar sirrin maza a cikinsa. Wanda yara ke taɓa wayarsa ya kula. Ni dai shekaruna sun wuce na ji nauyin faɗin abin da zai amfani Musulmi.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya same ni nan Karare bayan sallar isha'i, ya jira sai da almajirai suka watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, a taimaka mani da abin da zan ba iyalina, shekara huɗu ke nan ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba." Na ce ita ce ta fari? Ya ce a'a, ta ukku ce. Biyun farko ya sallame su saboda rashin haihuwa. Na ce ina suke yanzu? Ya yi shiru. Can ya ce ta farin tana aure wajen Dutsin-Ma da ɗiya ukku, ta biyun kuwa goyo gare ta yanzu haka. Na ce to kai fa, an taɓa auna ka? Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Malam, ni ai lafiyata lau. Har allurar ƙarin ƙarfi nake yi a wani kemis duk bayan mako biyu." Ya laluba aljihu ya fiddo mani kwalin. Na haska da tocila. Testosteron ce.

Wallahi na daɗe ban ji tausayin mutum kamar daren nan ba. Ban ce allurar ce ta fara hana shi haihuwa ba, tunda matsalarsa ta girme ta. Amma ƙofar da ke a sakaye, shi da kuɗinsa ya sayo kwaɗo ya datse ta, yana zaton gyara yake yi.

Abin da nake so mu gane shi ne wanga: ƙarfin kusantar iyali abu ɗaya ne, ƙwayar haihuwa wani abu ne daban. Malamanmu na fiƙihu sun raba su tun da can. Wanda ya karanta Risala ya san cewa namijin da ya kasa kusantar matarsa ana ɗibar mashi shekara guda, in bai samu lafiya ba a ba matar zaɓi. Wancan babi ne na rashin ƙarfi. Rashin haihuwa kuwa yakan samu namijin da ba shi da wata matsala ko kaɗan a shimfiɗa. Ruwan da mutum ke gani, kusan dukkansa daga wasu jakunkuna da ke ƙarƙashin mafitsara yake fitowa. Ƙwayoyin haihuwar da ke iyo a cikinsa ɗan kaɗan ne daga cikin ruwan, kuma ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Saboda haka mai cewa nawa mai kauri ne, nawa mai yawa ne, bai faɗi komai ba. Ana samun ruwa cike fal, a duba a tarar babu ƙwaya ko ɗaya.

To ina ake yin ƙwayar, wa ke ba da umarni? Nan ne hikimar Ubangiji take, kuma nan nake so in ɗan zauna.

Ku ɗauki misalin sarautarmu. Umarni yakan taso daga fadar Sarki a Katsina, ya sauka wajen Hakimi, ko Sarkin Ruma a Batsari ko Yarima a Safana, daga nan ya isa ga dagatai da masu unguwanni. Jikin namiji haka Allah Ya tsara shi. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ke sakin saƙo. Saƙon ba takarda ba ne, wani sinadari ne da ke bin jini, irin wanda likitoci ke kira homon. Yana sauka ga wata 'yar ƙwaya da ke rataye ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Ita ce hakimin. Ita kuma sai ta tashi 'yan aike biyu zuwa maraina. Ɗaya ana ce mashi LH, aikinsa ya umarci wasu ƙwayoyin halitta a cikin maraina su sarrafa testosteron, wato sinadarin da ke fiddo gemu, ya buɗe murya, ya kawo sha'awa. Na biyun FSH, shi kuma yana zuwa wajen wasu ƙwayoyin halitta da ke aikin raino. Cikin maraina akwai siraran bututu a nannaɗe kamar zare a ƙwarya, kuma a jikin bangonsu ne masu rainon nan ke rungume da ƙananan ƙwayoyin haihuwa, suna ciyar da su, har su yi kai su yi wutsiya.

Wanga aiki ba na kwana ɗaya ba ne. Daga fara ƙwaya zuwa gama ta ana ɗaukar kamar kwana 74, sannan ta ƙara kusan mako biyu a hanya tana ƙarasa nuna. A taƙaice wata ukku, kusan kwanakin da gero ke yi daga shuka zuwa yanka. Abin da ke fita daga jikinka yau, tun wata ukku da suka wuce aka shuka shi. Ku riƙe wanga lissafi, za mu dawo kansa.

Wani ɓangare na wanga ilimi a jikin birrai aka fara gano shi, domin tsarin jikinsu a wannan fanni ya fi na ɓera ko zomo kusa da namu. Mu da muka tashi a gefen dajin Rugu mun san biri, mun sha korar jan biri daga gonar gyaɗa muna yara, lokacin da dajin ke shiguwa lafiya, Allah Ya maido mana da zaman lafiyarsa. Ba mu taɓa tunanin akwai darasin likitanci a jikinsa ba. A shekarar 1978 wani masani mai suna Ernst Knobil da abokan aikinsa a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka yi gwaji a kan wasu birrai 'yan asalin Indiya. Suka gano cewa saƙon nan na ƙwaƙwalwa ba kwarara yake yi kamar famfo ba. Ɗigo yake yi, ya tsaya, ya sake ɗigowa, kamar sau ɗaya a awa. Da suka ba birran sinadarin ɗigo-ɗigo, sai hakimin nan ya tashi aiki. Da suka sakar masu shi ba tsayawa, sai ya yi kunnen ƙashi ya daina aika kowa. Sinadari ɗaya ne fa, amma yawansa da rashin ƙa'idarsa suka mai da shi mai kashe aikin da aka halicce shi ya tayar. Har yau da wannan dabara likitoci ke tsayar da testosteron da gangan a jikin masu wani nau'in ciwon daji na maza. Subhanallah. Komai na jikin nan da ma'auni aka yi shi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya ci mutumin da na ba ku labari. Fada ba ta aika umarni a makance, tana sauraron rahoto. Ƙwaƙwalwa kullum tana ɗanɗana jini ta ji yawan testosteron da ke ciki. In ya yi ƙasa ta ƙara aike, in ya yi sama ta rage. To ranar da aka tsira maka allurar testosteron, jini ya cika da shi, sai rahoto ya isa fada cewa rumbu ya cika har yana zuba. Sai a dakatar da LH, a dakatar da FSH. Maraina su zauna ba mai ce masu ku yi. Kuma ga inda abin ya fi muni: testosteron ɗin da maraina ke buƙata a cikinsu domin rainon ƙwaya ya ninka na cikin jini sau da yawa, wajen hamsin zuwa ɗari, kuma su da kansu ne kawai ke iya tara shi haka. Na allura ba ya kai wa can da wannan yawa. Sai mutum ya ji jiki ya yi ƙarfi, sha'awa ta ƙaru, yana yabon mai kemis, alhali gonar ta bushe. Wasu ma har marainan su ƙanƙance.

Kada wani ya ce Malam ne ke faɗin son ransa don a bar kemis a zo wajensa. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta gwada allurar nan a matsayin maganin hana haihuwa na maza. A sakamakon da aka fitar a 1990, an yi wa maza 271 masu lafiya a ƙasashe bakwai allurar testosteron duk mako, kuma cikin wata shida kusan kashi biyu cikin ukku na waɗanda suka ci gaba da karɓa ƙwayar haihuwarsu ta ɗauke gaba ɗaya. Ku sake karanta wannan. Abin da Turawa suka gwada don hana haihuwa, shi ake sayar wa mai neman haihuwa a garuruwanmu. Abin godiya shi ne mafi yawan mutane in suka daina, ƙwayar na dawowa bayan wasu watanni, ko da yake wanda ya daɗe yana yi zai iya ɗaukar shekara ko fiye. Wanda ya daɗe a kanta ya nemi likita ya nuna mashi yadda zai bari, domin jiki kan yi sanyi na ɗan lokaci.

Tiramol ma ta wannan ƙofa take shiga, ita da kodin da gwamnati ta hana a 2018. Suna danne saƙon ƙwaƙwalwa tun daga tushe. Samarinmu na sha don su jure noma ko tuƙin babur ko tsaron dare, wasu kuma don su daɗe a shimfiɗa, ba su san abin da suke biya ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, masu maganin gargajiya, don kada a ce na ga na wani ban ga nawa ba. Mota ta tsaya a kasuwa da lasifika, ana zuba batsa a gaban yara da mata, ana sayar da gari a ƙulli da ruwa a gora da sunan maganin maza. An sha kama irin waɗannan a nan gida da ƙasashen waje, a auna a tarar an daka ƙwayar Bature ta ƙarin ƙarfi an cuɗa a ciki, ba awo ba ƙa'ida. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya sha, sai dai a ji salati. Ko itacen da ba a cuɗa da komai ba yana da haddi. Baƙin gagai da kowa ya sani, masana a Jami'ar Ilorin sun gwada shi a kan ɓeraye. A rahotonsu na 2005 sun ga yana tayar da sha'awa, amma a na 2008 sun ga alamun yana taɓa aikin marainan ɓerayen, musamman in an yawaita. Ɓera ba mutum ba ne, na yarda. Amma ni tun da na ji haka ban ƙara ba mai neman haihuwa shi ba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wanda a hannunsa na koyi sassaƙe da saiwa, bai taɓa haɗa maganin ƙarfi da na haihuwa a ƙwarya ɗaya ba. Mu ne 'yan baya muka haɗe su saboda kasuwa.

Akwai sauran abubuwan da ke taɓa ƙwaya, zan bi ta kansu da sauri. Zafi na gaba. Allah bai rataye maraina a waje don wasa ba, suna buƙatar su fi jiki sanyi da ɗan kaɗan. Direban da ke wuni a kujera mai zafi, da mai gashin burodi, da maƙeri, da mai matsattsen wando, su kula. Zazzaɓi mai zafi, irin na cizon sauro ko taifot, yakan rage ƙwaya har wata biyu zuwa ukku bayan an warke, daidai da lissafin geron nan. Hangum in ya kama namiji bayan ya balaga wani lokaci yakan sauka maraina. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba yakan toshe hanya, ƙwaya na nan ana yi amma ba mafita. Tsargiya da muke ɗauka a tafki muna yara muna cewa ba komai, ita ma tana iya taɓa wajen. Akwai kumburin jijiyoyin maraina, galibi a hagu, wanda in an taɓa ake ji kamar tsutsotsi a jaka, shi kuma aiki ake yi a gyara. Sai taba da wiwi da ƙiba da ciwon suga. Masu feshin gona kuma ku rufe jiki ku yi wanka bayan aiki. A 1977 an gano ma'aikatan wata masana'antar maganin ƙwari a Kalifoniya da dama sun daina haihuwa saboda wani sinadari guda, har daga baya aka hana shi.

To me ya kamata magidanci ya yi? Ra'ayina, kuma a kansa nake: in aure ya shekara ana tare ba a samu rabo ba, miji ne ya kamata a fara aunawa. Likitoci sun ce a kusan rabin gidajen da ke fama da wanga matsala akwai hannun namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Kuma awon namiji ya fi sauƙi, ya fi arha, ba ciwo ba yanka. Ana yi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ana yi a Asibitin Malam Aminu Kano, ana yi a Shika. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, a ba ka 'yar kwalba mai tsabta, ka kai masu cikin awa ɗaya ba tare da ta yi zafi ko sanyi ba. Masu tambaya a kan halaccin fitar da shi, malamai da yawa sun yi sauƙi saboda lalurar magani, kuma in da hali a yi da taimakon iyali ya fi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa ƙasan iyaka a ƙwaya miliyan 16 cikin kowane mililita, kuma ana duba motsinsu da siffarsu. In awon farko ya fito ba daɗi kada hankali ya tashi, ba a yanke hukunci da awo ɗaya. A sake bayan wata ukku. In ya sake fitowa haka sai a auna jini a ga su FSH da LH da testosteron, a gane ko daga fada ne matsalar take ko daga gona. In daga sama ne saƙo ba ya saukowa, akwai allurai na musamman da ke maye gurbin 'yan aiken nan biyu, kuma mutane sun haihu ta dalilinsu, sai dai ana ɗaukar watanni masu yawa kuma likita ne ke bi.

Mu kuma abin da ke hannunmu shi ne gyaran jiki da abinci. Zuma, dabino, zogale, gyaɗa, wake, ƙwai, nama gwargwadon hali, barci isasshe in dare ya yi lafiya. Habbatus sauda tana da falalarta da ta zo a hadisi, kuma wani ƙaramin bincike a Iran a 2014 ya ga man nata ya inganta ƙwayar wasu maza bayan wata biyu. Ina bayar da ita. Amma ba ta buɗe hanyar da ta toshe, ba ta gyara jijiyar da ke son aiki. Duk wanda ya ce maka ga ƙulli, sha kwana ukku matarka ta ɗauki ciki, ka tambaye shi wane gero ne ke nuna a kwana ukku.

Na san abin da wasu za su ce: haihuwa ta Allah ce. Haka ne, babu ja. A ƙarshen Suratus Shura Ubangiji Ya gaya mana Shi ke ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya haɗa wa wani, Ya bar wani ba haihuwa. Amma ku lura, ayar ba ta ware mace ba. Kuma in da gaske mun yarda ta Allah ce, me ya sa matar kaɗai ke shan jiƙo, ita ke shan rubutu, ita ake kai wa wajen mai ruƙiyya, ita uwar miji ke yi wa habaici, ita ake kira juya, ita ake yi wa kishiya, a ƙarshe ita ke ɗaukar takarda? Tawakkalin namu sai in an zo kan awon maigida yake tashi? Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da zai roƙi ɗa, da raunin kansa da tsufansa ya fara kafin ya ambaci na matarsa. Kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce mu da neman magani.

Mace tana da haƙƙi a cikin zuri'a kamar yadda kake da shi. Shi ya sa malaman mazhabarmu suka ce ba a yin azalu ga 'ya mace sai da izininta. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya umarci wani mutum da ya san ba ya haihuwa ya sanar da matar da ya aura, ya ba ta zaɓi. To ina hukuncin wanda ya ga takardar asibiti ta nuna daga gare shi ne, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya bar 'yar mutane tana shan gori a gidansu? Wannan zalunci ne, ko da bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ba a ce ka yi shela a masallaci ba. Ka gaya mata ita, ka kuma tsawata wa danginka su sakar mata mara, ko da ba ka faɗa masu dalili ba.

Iyaye mata da ke cikin zauren nan, ku ma da ku nake. Kafin ki ce wa ɗanki ya ƙara aure, ki ce mashi ya je Katsina tukuna.

Mutumin nan dai ya ji magana, Allah Ya saka mashi. Ya bar allurar, ya sayar da buhun gero biyu ya tafi Katsina. Takardar farko ta fito babu ƙwaya ko ɗaya, likita ya auna jininsa, ya kuma taɓa ya ji kumburin jijiya a hagu, ya ce ya dawo bayan wata ukku a sake dubawa kafin a yi maganar aiki. Da ya dawo ya zauna nan kan buzuna ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko ya wajaba ya nemi gafarar matan nan biyu da ya saki. Na ce mashi ya aika ta hannun waliyyansu, kada ya je da kansa gidan wani. Ya ba ni izinin in ba da labarinsa ba tare da suna ba. Ku sa shi a addu'a, awonsa na biyu na nan tafe.

Mai tambaya ya turo ta akwatina kai tsaye, kada a sa a zaure. Wanda kuma ke da kwalin wata allura ko ƙwaya da ake ba shi da sunan ƙarin ƙarfi, ya ɗauki hoton kwalin gaba da baya ya turo, zan duba bayan sallar asuba in sha Allahu.